Mota mai ɗaki a Turai cikin Oktoba: mu biyar, kwana bakwai, me na manta?

Baban Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Idan Allah ya kai mu tsakiyar Oktoba zan kai iyali ganin babban ɗana da ke karatu a Jamus. Maimakon otal ina so mu yi hayar mota mai ɗaki, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ta kwana bakwai. Mu biyar ne: ni, uwargida, yara biyu masu shekara 13 da 9, sai shi ɗalibin. Tsarina shi ne Frankfurt, Paris, Amsterdam, mu dawo Frankfurt. Lasisina na Najeriya ne. Waɗanda suka san harkar, me na manta?

Injiniya Bappah, Jekadafari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ajiye taswira tukuna, ɗauko lasisi. Yawancin motocin haya an yi musu rajista a kan kilo 3,500, domin nan ne iyakar ajin B na Turai. Ajin B namu na gida kuwa na motar da ba ta kai tan 3 ba ne. Kada ka bari sai ka tsaya gaban kanta da jakunkuna sannan a fara wannan gardamar. Ka yi lasisin ƙasa da ƙasa a wurin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ka ɗauki hotonsa da na katinka gaba da baya, ka tura wa kamfanin hayar ta imel, su rubuto maka cewa sun yarda da kai a kan wannan motar takamaimai. Ka buga amsar a takarda ka tafi da ita. Na ƙasa da ƙasan ba ya aiki shi kaɗai, dole katin asali ya kasance tare da shi.

Sannan kada ka dogara da ɗalibi. Wanda ya zauna a Jamus fiye da wata 6, lasisin Najeriya ya daina yi masa aiki a can. In bai yi na Jamus ba, ya taɓa sitiyari laifi ne na kotu, kuma inshora za ta cire hannunta. Ko yana da shi, kamfanoni da yawa suna son direba ya kai shekara 21 ko 23, lasisin kuma ya shekara aƙalla.

Adda Mairo, Federal Low-cost:
Alhaji, maganar biza. Ana neman ta ne a ofishin ƙasar da za ka fi yawan kwana, ba wadda ta fi saurin bayarwa ba. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12. Inshorar lafiya ta kai Yuro 30,000 ga kowane mutum, fasfo ya zama yana da sauran wata 3 bayan ranar dawowa da shafi biyu babu komai a kai. Ana karɓar takardu tun saura wata 6, don haka wanda zai tafi Oktoba bai kamata ya wuce Yuli bai shigar ba.

Inda masu mota mai ɗaki ke tuntuɓe shi ne shaidar masauki. "Za mu kwana a mota" ba amsa ba ce. A haɗa takardar hayar motar, da shaidar kama wuri a sansanonin kwana, da jadawali na rana rana, da otal na daren farko da na ƙarshe. Kuma a zaɓi hayar da za a iya fasawa a dawo da kuɗi, don biza ba a hannun kowa take ba.

Hamma Direba, Pantami:
Ni dai Alhaji, da za ka ji tawa, otal da jirgin ƙasa. Mota mai ɗaki ba araha ba ce. Ga kuɗin haya, ga kuɗin shirya mota da ake biya sau ɗaya, ga dizal lita 10 zuwa 12 a kowace kilomita 100, ga kuɗin wurin kwana, ga jinginar da za su riƙe a kati, wadda takan kai Yuro 1,000 zuwa 2,000. Kuma mafi yawansu katin kiredit suke so mai sunan direban, katin naira ba zai ɗauki wannan ba.

Ga lissafin hanyarka: Frankfurt zuwa Paris kusan kilomita 570, Paris zuwa Amsterdam kusan 500, Amsterdam zuwa Frankfurt kusan 440. Wajen 1,500 ke nan. Irin wannan motar in ka haɗa da tsayawa da cunkoso, kilomita 80 a awa ka yi ƙoƙari. Kusan awa 19 kana riƙe da sitiyari kai kaɗai, a ƙasar da ba ka san alamominta ba. Yaushe za ka ga ɗan naka?

Kawu na Kolon:
Hamma, lissafinka daidai ne, amma abin da ya nuna shi ne a canza hanya, ba a fasa mota ba. Mutum biyar a otal ɗaki biyu ne kowane dare, ga cin abinci a waje sau uku ana tambayar me aka sa a ciki. Da kicin a mota wannan ya kau.

Kwana bakwai ɗin ma ba bakwai ba ne. Wurare da yawa suna ba da mota da rana su karɓa da safe, bayanin miƙa mota kuma yana cin awa guda. Jirgin Abuja da dare yake tashi ya sauka Frankfurt da sassafe, kada wanda bai yi barci ba ya karɓi mota mai tsawon mita 7 a ranar. Otal tukuna, washegari mota.

Hanyar da ta dace da karon farko: Frankfurt zuwa Koblenz, wajen kilomita 120, bai ma kai Gombe zuwa Bauchi ba. A nan kogin Mosel ke shiga Rhein. Daga nan a bi gaɓar Mosel zuwa Cochem, kilomita 50, a leƙa tsohuwar fadar Eltz da ke kusa kafin a rufe ta a farkon Nuwamba. Sai Bernkastel-Kues, sai Trier inda ƙofar Rumawa ta Porta Nigra take tsaye har yau, sai Luksamburg da ke kilomita 50 daga Trier. Ƙauyen Schengen da aka sa hannu kan yarjejeniyar buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen Turai a 1985 yana bakin kogin Mosel ɗin. Duka da dawowa ba zai wuce kilomita 700 ba, babu tolget ko ɗaya, kuma bas da jirgin ƙasa kyauta ne a Luksamburg tun 2020, sai ka ajiye mota a bayan gari ku shiga da bas. Dizal ma ya fi sauƙi a can, ka cika tanki kafin ka juyo.

Adda Mairo, Federal Low-cost:
Kawu, ka cire wa yara Paris ke nan? Su fa hasumiyar Eiffel suka sani, ba kogi ba. Akwai sansanin kwana a dajin Boulogne cikin birnin, yana buɗe duk shekara.

Kawu na Kolon:
Akwai, Adda. Amma kafin a kai shi sai an bi titin da ya kewaye Paris, inda babura ke ratsawa tsakanin layuka. Sabon hannu da mota mai faɗin mita 2.3 ba ya buƙatar wannan. Ga tolget: a Faransa motar da tsayinta ke tsakanin mita 2 da 3 tana aji na 2, wadda ta kai mita 3 ta koma aji na 3, kuɗin ya haura. Motar mutum biyar kuwa yawanci ta wuce mita 3. In dole sai Paris, a mayar da mota tukuna a hau jirgin ƙasa daga Frankfurt, awa 4 ne.

Injiniya Bappah, Jekadafari:
Tunda Kawu ya taɓo motar mutum biyar. Kada ka ƙirga gadaje, ƙirga kujeru masu bel. Akwai mota mai gado shida amma bel huɗu. A takardar motar ta Jamus, layin S.1 ne ke nuna yawan kujeru. Mai biyar ko shida galibi ita ce mai gado a saman direba. In mota tana tafiya kowa a kujera da bel, babu kwanciya a gado, babu tashi dafa shayi. Mai shekara 9 ɗin, in bai kai santimita 150 ba, dole kujerar yara, dokar Jamus ce har shekara 12.

Yanzu nauyi, wanda shi ne ya fi kama mutane. Layin F.2 ne iyakar nauyi, layin G nauyin motar da direba. A ce G ya nuna 3,050, saura 450. Fasinja huɗu a ce kilo 215. Jaka biyar masu kilo 23, 115. Mun kai 330. Tankin ruwa cike, lita 100 kilo 100 ne, 430. Tukunyar gas ta biyu cike ta haura kilo 20. Ka ga an riga an kai iyaka ba a sa shinkafa ba, ba tebur, ba kujeru, kuma rumfar gefe da aka ɗaura daga baya sau da yawa ba ta cikin G. Maganinsa: a yi tafiya da lita 20 zuwa 30 a tanki, a cika in an isa. Manyan akwatuna a bar su a ɗakin ɗalibi, a zuba kaya a jakar yadi mai naɗewa. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. In aka tula su a but na can baya, gaba ya yi sauƙi, kuma yawancin motocin nan gaba ke ja, sai taya ta riƙa sulɓi a jiƙaƙƙiyar ciyawa. 'Yan sanda suna auna mota a kan hanya, in ta wuce ga tara, kuma za a iya hana ka motsawa sai ka rage kaya.

Baban Hanifa, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Na haƙura da Paris da mota. To sanyi fa? Uwargida ta ce mu tafi da ƙaramin kasko da turaren wuta.

Goggo Nas, Herwagana:
Alhaji, ka ba Hajiya haƙuri, kaskon ya zauna a Gombe. Gawayi a cikin ɗakin da bai wuce faɗin mita 2 ba, ƙofa da taga a rufe, iskar da ba ta da wari ita ke kashe mutane cikin barci. Haka kunna murhun girki don a ji ɗumi, kada a yi ko na minti goma ne. Hitar motar hayaƙinta waje yake fita, shi ya sa take da aminci. A tambaya ko akwai na'urar gargaɗin wannan iskar a ciki, in babu a saya, ba ta da tsada. Ramukan iska da ke ƙasa da kan rufi kada a toshe su da tsumma don ana jin sanyi. Sannan kamfani na iya cire kuɗin wanki daga jingina in suka ji ƙamshin hayaƙi ya kama labule. A ɗauki humra ta kwalba.

Oktoban can ba irin hunturunmu mai bushewa ba ne, sanyi ne mai laima. Da rana digiri 12 zuwa 15, da dare ya sauko 5 ko ƙasa, ga yayyafi, ga hazo da safe a bakin kogi. Numfashin mutum biyar da tururin tukunya za su sa gilashi ya yi ta zubar da ruwa, katifa ta yi danshi ta ƙasa. A bar tagar rufi a ɗan buɗe duk dare tare da hita, a rufe tukunya in ana girki, jiƙaƙƙun kaya a rataye su a banɗaki. Kowa da rigar ruwa, da safa mai kauri, da silifas na cikin mota.

Injiniya Bappah, Jekadafari:
Ƙari a kan hita. Tukunyar Jamus kilo 11 ce ta gas ɗin furofen, wanda ke aiki har cikin ƙanƙara. Gas ɗin butan kuwa yana daina fita in sanyi ya kai sifili, kada a yarda da shi. In hita tana aiki dare da rana cikin tsananin sanyi, tukunya ɗaya kan ƙare a kwana 3 ko 4, a sanyin Oktoba takan fi haka. Ka nemi tukunya biyu cike, ka sa a nuna maka yadda ake mayar da tiyo daga wannan zuwa waccan, kai ma ka yi da hannunka a gabansu. Zarensa hagu yake ɗaurewa, wanda bai sani ba zai yi ta ƙara matsewa yana zaton kwancewa yake. Kan tukunyar Faransa daban yake da na Jamus, ba a musanya su, wannan ma dalili ne na zama kusa da Jamus.

Abin da ke ruɗa sabbi: a hita ƙirar kamfanin Truma akwai bawul da ke buɗe kansa in sanyi ya kai wajen digiri 3, ya zubar da ruwan tukunyar zafi don kada ƙanƙara ta fasa ta. In famfo yana kunne zai iya janye tankin gaba ɗaya ya zubar. Ka tashi da asuba ka ga ruwa a ƙarƙashin mota, babu na alwala, ba lalacewa ba ce. Ba zai rufu ba sai wurin ya kai digiri 7, don haka kunna hita tukuna, ka danna maɓallin bawul ɗin, sannan ka cika tanki.

Wutar lantarki a wurin kwana kuma: volt 230 ce, da shuɗin filogi mai baki uku da waya mita 25, a warware ta duka don kada ta yi zafi. Wasu wuraren amfiya 6 kawai suke bayarwa, wato wat 1,380. Butar lantarki mai wat 2,000 za ta sauke fis nan take. A dafa ruwa a gas. Kuma hita ko ta gas ce fankarta batir take ci, dare biyu ba wuta ba tafiya batirin ɗaki zai kwanta.

Malam na Bolari:
Alhaji, Allah ya sa a je lafiya. Abu uku. Alƙibla a can ba gabas ba ce yadda muka saba, kudu maso gabas ce, wajen digiri 125 zuwa 130 daga arewa. A duba a waya a wajen mota, ƙarfen jikinta yana karkatar da kamfas. Na biyu, yini gajere ne. Tsakiyar Oktoba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6:40, kuma Lahadin ƙarshe na watan ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacinsu ya zama ɗaya da namu, magariba ta dawo biyar da 'yan mintuna. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, shi ɗalibin ma in ya fita garinsu da nisan tafiya.

Na uku tambaya ce ga Kawu: Mosel ɗin nan ba ƙasar inabin giya ba ce?

Kawu na Kolon:
Ita ce, Allah ya gafarta Malam, kuma Satumba da Oktoba lokacin girbi ne, ƙauyuka suna bukukuwa a ƙarshen mako. Wuraren kwana da yawa na masu gonar inabi ne, wasu suna sa ran ka sayi kwalba. Amma akwai na hukumar gari, fili ne da injin biyan kuɗi, babu ruwan kowa da kai. Alamarsu Stellplatz, kuɗinsu galibi Yuro 10 zuwa 20. A manhajar park4night ana ganin na wane ne da abin da ke wurin. Wanda yankin bai kwanta masa ba gaba ɗaya, daga Koblenz ya hau tsaunukan Eifel zuwa Trier, tafkuna ne da daji, sai dai sanyi ya fi. Naman halal kuma a shagunan Turkawa na Frankfurt, Koblenz da Trier, a ƙauye da wuya. A saya ranar Asabar, Lahadi shaguna a rufe suke a Jamus.

Goggo Nas, Herwagana:
Kilishi, dambun nama, man shanu, madarar gari: haramun ne shiga da nama ko kayan madara Tarayyar Turai daga Najeriya, za a ƙwace, wani lokaci da tara. Busasshen kifi an yarda har kilo 20.

Sai abin da ba wanda ke son faɗa, banɗaki. Akwatin da ke tara bayan gida lita 17 zuwa 18 ne kawai. An ƙera shi ne don masu takarda, mu kuwa da buta muke. Mutum biyar da tsarki za su cika shi a yini ɗaya. Kullum da safe a zubar, a ramin da aka tanada kaɗai, ba a kwata ba. A rufe marfin ciki kafin a zaro shi, a danna maɓallin iska yayin zubarwa don kada ya fantsamo, a ɗauraye, a zuba maganinsa da ruwa lita 2. Tiyon ɗauraye akwati daban, na ruwan sha daban, kada a taɓa haɗa su. Alwala ta mutum biyar sau biyar ma ruwa ce mai yawa, tankin ruwan wanke-wanke lita 90 zuwa 100 ne, shi ma a sauke shi. Shi ya sa ni na fi son su kwana a cikakken sansani mai banɗakuna da wurin wanka aƙalla dare uku, ba filin Kawu kullum ba.

Kawu na Kolon:
Na yarda da Goggo, amma a kira su tukuna. Sansanoni da yawa suna rufewa ƙarshen Oktoba, wasu filayen kuma suna kashe famfo in an fara ƙanƙara. Hutun makarantu na jihohin Jamus ma a Oktoba yake faɗowa, wurare na cika. A isa masauki kafin ƙarfe 4, da sauran haske a daidaita mota da waji, wato abin da ake sa wa ƙarƙashin taya, don firij mai aiki da gas ba ya sanyi in mota ta karkace. A tanadi tsabar senti 50 da Yuro 1 na injin ruwa da wuta. Fasfo kuma a aljihu ko da za a tsallaka gada ne kawai zuwa Luksamburg, a Satumban 2024 Jamus ta fara binciken duk iyakokinta na tudu.

Hamma Direba, Pantami:
To tunda an kayar da ni, ga na tuƙi. Rubuta tsayi, faɗi da tsawon motar a takarda ka manna kusa da sitiyari. Wuraren ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa mita 2 ne, ba naka ba ne, kuma ɓarnar rufi ba kowace inshora ke biya ba. Bayan motar ya zarce tayar baya da nisa, in ka sha kwana sosai yana fita gefe ya daki abin da ke kusa. Ribas kullum ɗalibi ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi. Cikin gari 50, bayan gari 100 a Jamus, 90 a Luksamburg. A babbar hanya ka zauna layin dama da 100, ba a wuce mota ta dama, kuma kafin ka fita hagu duba sau biyu, mai zuwa yana iya zama a kan 200. A mahaɗar da ba alama, na damanka ne ke da hanya ko da lungu ya fito. In go-slow ya haɗu, na layin hagu su matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar tsakiya don motar asibiti. Lambar gaggawa 112. Murfin dizal da na ruwa kada a ruɗe, dizal a tankin ruwa canza tanki ne, daga aljihunka.

Baban Hanifa, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Injiniya, ranar karɓar mota me zan duba?

Injiniya Bappah, Jekadafari:
Bidiyo na zagaye da ita gaba ɗaya, har rufi da gilashin gaba da ƙasan bamba, duk ƙarcen da ka gani a rubuta a takarda kafin ka sa hannu. Koriyar sitika ta shiga birane a gilashi. Tayar lokacin sanyi mai alamar dutse da ƙanƙara, don dokar Jamus ta yanayi ce ba ta kwanan wata ba. Rigar haske biyar, alwatikan gargaɗi, akwatin taimakon farko, wayar wuta, tiyo, waji biyu. Ka tambayi iyakar kilomita a rana, wasu 250 suke bayarwa, da rubutaccen izinin shiga Luksamburg, da nawa za ka biya daga aljihu in an yi ɓarna, da lambar da za a kira in ta tsaya. Ka kunna hita, firij, famfo da murhu duk a gabansu. Daren farko kuma kada ka wuce tafiyar awa ɗaya da rabi daga wurin, in wani abu bai yi aiki ba gobe da safe ka koma su gyara. In akwai otomatik ɗauke ta, ko da ta ɗan fi tsada.